Ina sunayen mutanen Gafati ke kwana?

Duk wanda ya taɓa zuwa neman takardar haihuwa a wata ƙaramar hukuma ta karkara ya san yadda abin ke wakana. Sakatare zai sauko da wani ƙaton kundi daga saman kanta, ya karkaɗe masa ƙura, ya shiga buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya, mai nema kuwa na tsaye yana jira. In an yi sa'a, ga sunan nan, da na uba, da na uwa, da ranar haihuwa. In ba a yi sa'a ba, sai a tarar gara ta riga kowa karanta shafin, ko kuwa ruwan wata damina ya yoyo ta rufin kwano ya wanke tawadar. Daga nan sai zirga-zirga gaban alƙali tare da shaidu, domin yaron da ke shirin zana jarrabawar BEPC ya tabbatar wa hukuma cewa lalle an haife shi.

Wannan wahala ce ta sa ba wanda ya yi baƙin ciki da aka ce za a juye kundayen cikin kwamfuta. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa mai lamba 2019-29, ta ranar 1 ga Yuli 2019, ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, ta kuma buɗe hanyar tattara sunayen ƴan ƙasa a na'ura. A shekarar 2020 Nijar ta shiga shirin WURI na Bankin Duniya, wanda manufarsa ita ce kowane mutum ya samu lambar shaida tasa shi kaɗai. Ƙaramar hukumar Gafati, a gundumar Mirya, ɗan taƙi kaɗan daga birnin Damagaram, tana ƙarƙashin wannan doka kamar sauran ƴan uwanta. To amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba a wurin bukukuwan miƙa kayan aiki. Kundin takarda, kowa ya san ɗakin da yake kwana, ya kuma san wanda mabuɗin ke aljihunsa. Sunan da ya shiga kwamfuta fa, ina yake kwana?

Tambayar ba ta tsaya ga takardar haihuwa ba. Manomin Gafati da bai taɓa ɗora hannu kan kwamfuta ba, sunansa ya fi shi yawo. Ya ba da shi ranar da ya yi rajistar layin salularsa, don tun a watan Nuwamba 2013 hukuma ta sa aka rufe layuka wajen miliyan 1 da dubu 700 saboda masu su ba su bayyana kansu ba. Ya ba da shi, haɗe da hoton fuska da zanen yatsu, lokacin da hukumar zaɓe ta CENI ta yi rajistar zamani a 2019 da 2020 da kayan aikin kamfanin Gemalto, rajistar da ta tara masu zaɓe fiye da miliyan 7 da dubu 400. Yana ba da shi duk sadda ya je karɓar kuɗin da ɗansa ya aiko daga Agadas, ko Libiya, ko Kano. Matarsa ta ba da nata a wurin awon ciki, ta kuma faɗi yawan ƴaƴanta da awakinta, da sau nawa gidan ke ɗora tukunya a yini, ranar da masu rabon agaji suka zo da ƴan allunansu na lantarki. Kakannin waɗannan mutane sun ɓoye ƴaƴa a rumbu in masu ƙidayar Nasara sun iso, domin sun gane cewa suna a takarda shi ne lanho da aikin tilas. Jikokin kuwa layi suke bi don a rubuta su, kuma da hujjarsu, tun da wanda ba a rubuta ba ba shi da rabo.

Gajimaren da ba ya zubar da ruwa

Turawa sun laƙaba wa sabuwar hanyar ajiya suna «gajimare», kuma sunan ya yi wa masu sayar da ita daɗi, don yana sa mutum ya ɗauka bayanansa na can sama inda hannu ba ya kai. Ba wani gajimare. Rumbun haya ne. Wasu manya-manyan gine-gine ne marasa taga, cike da dubban kwamfutoci da ke aiki dare da rana, da injunan sanyaya su, da masu gadi a ƙofa. Maimakon ma'aikata ko ɗan kasuwa ya sayi tasa na'urar ajiya, ya nemi mai kula da ita, sai ya kama hayar wani lungu a wannan gini, yana aikawa yana ɗaukowa ta intanet. Manyan masu wannan sana'a na Amurka, wato Amazon da Microsoft da Google, ba su da irin waɗannan gine-gine a Nijar. Na farko da suka buɗe a nahiyar Afirka suna Afirka ta Kudu: Microsoft a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. Wanda ke da akwatin Gmail a wayarsa, ko ya bar WhatsApp na adana masa hirarraki, ya riga ya zama ɗan haya a rumbun, ko ya sani ko bai sani ba.

Ɗan kasuwar Damagaram ba baƙo ba ne ga irin wannan ciniki. Tun zamanin Sarki Tanimu, lokacin da ayarin Abzin da na Gat da na Tarabulus ke sauke raƙuma a Zango, fatake ba sa yawo da dukan hajarsu a ka. Fatoma ake bai wa. Shi ke da masauki, shi ke da ɗakin ajiya, shi ya san masu saye, kuma sunansa shi ne jarinsa. Bafatake ya bar kaya ya wuce Kano, ya komo bayan wata uku ya tarar da su yadda ya bari. Amma ya san fuskar fatomansa, ya san ƙofar gidansa, ya kuma san alƙalin da zai kai ƙara in aka ci amanarsa.

Ko da hakan ma ajiya kan salwanta, kuma akwai misali a tarihin garin. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka Damagaram a ƙarshen Disamba 1852, ya yi wata guda yana jiran guzurin da za a aiko masa ta hamada. Kamar yadda ya ba da labari a littafin tafiyarsa, bayan ya tashi zuwa yamma sai wani akwati nasa ya iso, da kayan ƙarfe da dala 400 na azurfa a ciki, aka ajiye shi hannun Sharif Alfasi, mutum mai mutunci da ke zaune a garin. Sharifin bai ci amana ba. Abin da ya faru shi ne mulki ya juya a Barno, aka kashe shi a 1854, aka wawashe gidansa, akwatin ya bi sauran kaya. Mai ajiya na gari ne, ɗakin ajiya na da ƙarfi, amma ikon da ke bisa ɗakin ya sake hannu.

Ga wanda ke neman gane dokokin kare bayanai, wannan labari ya fi lacca goma. Rumbun haya a cikin wata ƙasa yake, kamfanin da ke da shi ɗan wata ƙasa ne, kuma kowace ƙasa da abin da dokarta ta ba jami'anta damar buɗewa. A watan Maris 2018 Amurka ta kafa dokar da ta ba hukumominta ikon tilasta wa kamfanin Amurka, bisa umarnin kotu, ya miƙa bayanan da ke hannunsa ko da a wata ƙasa ya ajiye su. Ke nan ko ginin na Faransa ne ko na Afirka ta Kudu, in mai shi Ba'amurke ne, akwai alƙalin da ɗan hayar bai taɓa jin sunansa ba da ke da ta cewa. A watan Janairu 2018 kuma jaridar Le Monde ta ba da labarin cewa shekara da shekaru bayanan hedkwatar Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa, ginin da Sin ta gina kyauta, na tafiya birnin Shangai cikin dare. Sin ta musanta, shugabannin Tarayyar ma suka yi watsi da zancen. Ko ma mene ne gaskiyarsa, labarin ya sa ma'aikatu da dama a Afirka sun fara duba kyautar na'ura da ido biyu.

Malaman fiƙihun Malikiyya, da ake karantawa a zaurukan Birni, sun daɗe da yanke hukunci a babin ajiya. Wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta ba da sakacinsa ba. Amma in ya ɗauka ya damƙa wa wani ba tare da uzuri ba, ko ya yi tafiya da ita alhali yana da inda zai bar ta cikin aminci, to lamuni ya hau kansa. Abin lura shi ne sana'ar rumbun haya kacokan a kan waɗannan abubuwa biyu ta ginu: miƙa ajiya ga wani, da tafiya da ita. Ƙungiyar agaji ta karɓi suna a ƙauye, ta ba kamfanin da ya tsara mata manhaja, shi kuma ya kama haya wurin wani, wanin ya kwafi ajiyar zuwa wata nahiya don gudun asara. A watan Janairu 2022 ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa CICR ta sanar cewa ɓarayin intanet sun kutsa cikin bayanan mutane fiye da dubu 515, waɗanda yaƙi da hijira suka raba da danginsu, bayanan da ke ajiye a na'urori a hannun wani kamfani a ƙasar Suwis. In haka ta samu ƙungiyar da duniya ta shaida da riƙon sirri, ƙaramin shiri mai motoci biyu da ma'aikata goma ba shi da bakin cewa shi ya fi ƙarfin abin.

Sannan gini gini ne, ko na laka ko na ƙarfe. Mutanen Damagaram sun ga yadda ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a farkon Satumba 2024, bayan ya yi fiye da shekara 150 a tsaye. Turawa ma sun ga nasu: a daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen ajiya na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Waɗanda suka fi kuka su ne waɗanda suka biya kuɗin ajiyar kwafi na biyu, sai daga baya suka gane ashe kwafin da asalin a wuri guda suke. An zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, an kuma karɓi ladan kwando biyu. Wasu sun kai ƙara kotu, amma kotu kuɗi take sa a biya, ba ta maido da abin da ya ƙone.

Abin da doka ta tanada

Nijar ba ta zauna hannu rabbana ba. Dokar farko ta kare bayanan da suka shafi mutum ita ce mai lamba 2017-28, ta ranar 3 ga Mayu 2017, wadda ta kafa babbar hukumar kula da wannan fanni, HAPDP. An yi mata gyara a 2019, sannan aka maye gurbinta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022, ita ma an taɓa ta daga baya. Akwai kuma dokar hukunta laifukan intanet ta 2019. Ƙasar na cikin 15 na farko da suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka rattaba a 2014 amma ba ta soma aiki ba sai a watan Yuni 2023, shekara tara cur, abin da ke nuna irin saurin da gwamnatoci ke yi in zance ya zo kan ɗaure hannun kansu.

Ruhin dokar ba shi da wuyar fahimta. Bayanin mutum nasa ne, wanda ya karɓa riƙo kawai yake yi. Ba a karɓa sai da dalili bayyananne, kuma abin da aka karɓa don rabon hatsi ba a juya shi don neman ƙuri'a ko tallar haja. Ba a karɓar fiye da buƙata, ba a riƙewa har abada. Mai suna na da ikon ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya ƙi yarda a wasu halaye. Duk mai tara bayanan jama'a, gwamnati ce ko kamfani ko ƙungiya, wajibi ne ya bi ta hukumar HAPDP, kuma bayanai masu nauyi irin su zanen yatsa sai da izini. Sai babban batu ga masu rumbun haya: ba a fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa sai wadda ke ba su isasshiyar kariya, kuma ƙarƙashin idon hukumar. Mai kamfanin sufuri da ya zuba sunaye da lambobin fasinjojinsa a manhajar da rumbunta ke waje, fitar da bayanai ya yi, ko da shi kansa bai taɓa wuce tashar mota ba.

Turai ce ta sa duniya ta ɗauki irin wannan doka da gaske, ba don ta fi kowa tsoron Allah ba, sai don tararta na da zafi. Dokarta ta RGPD, da ta soma aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta ba da damar cin tarar da ta kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya baki ɗaya. A watan Mayu 2023 hukumar ƙasar Ailan ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar yuro miliyar 1 da miliyan 200, kimanin miliyar 787 na sefa, kuma laifin shi ne kwasar bayanan Turawa zuwa Amurka ba tare da isasshiyar kariya ba. Najeriya ta kafa tata dokar a watan Yuni 2023, a watan Yuli 2024 kuma hukumarta ta kare masu saye ta ci wannan kamfani tarar dala miliyan 220.

Ƴan kasuwar da ke bin hanyar Magarya da Matamai zuwa Kano na da wani abin dubawa. Tun 2010 ƙungiyar CEDEAO ta kafa ƙa'idarta ta kare bayanai, wadda ta bambanta ƙasashen ƙungiyar da na waje wajen fitar da su. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. Ciniki bai fice ba: albasa da wake da dabbobi na tsallakawa, kuɗi na tafiya ta waya, kuma ɗan kasuwar da ya buɗe asusun naira ya bar hotonsa da yatsunsa ƙarƙashin dokar Abuja. In rigima ta taso, can za a yi ta.

Takardar shaida a bango

Duk mai tallar rumbun haya da ya shigo ofis, abin da zai fara nunawa shi ne jerin lambobi. Mafi shahara ita ce ISO 27001, ƙa'idar duniya ta tsare bayanai da ta fito a 2005, aka sabunta ta a 2013 da 2022. Tana da ƙanne biyu da suka shafi rumbun haya kai tsaye, ISO 27017 da ISO 27018, ta biyun kan bayanan mutane. Ma'anar takardar ita ce wasu masu bincike daga waje sun zo sun duba, sun tarar kamfanin ya lissafa haɗarurrukan da ke gabansa, ya rubuta wa ke da izinin shiga ina, ya tanadi abin yi ranar da ta ɓaci, kuma yana bin abin da ya rubuta. Takardar shekara uku take yi, ana kuma komowa dubawa kowace shekara. Abu ne mai amfani, kuma ma'aikacin da ke tsara kwangilar gwamnati bai kamata ya saurari wanda ba shi da ita ba.

Sai dai ma'aikaci ya san takarda, ya san kuma iyakarta. Ta farko, kowace shaida da faɗin abin da ta rufe: kamfani na iya samunta a kan reshensa guda, ya buga tambarin a kan dukan tallarsa, don haka sai a nemi ganin takardar kanta a karanta wane gini da wane aiki ta ambata. Ta biyu, shaidar tsaro ba ta hana alƙalin ƙasar kamfanin buɗe rumbu. Faransa ta gane haka, shi ya sa ta ƙara a tata ƙa'idar, SecNumCloud, sharaɗin kada mai rumbun ya kasance ƙarƙashin ikon dokokin da ba na Turai ba. Ta uku kuwa, wadda ta fi shafar Gafati da Mirya da Damagaram, ita ce rabon alhaki. Mai rumbu ya ɗauki nauyin bango da rufi da gadi. Mabuɗin lungun da aka kama haya, da wanda aka ara wa shi, da barin ƙofa a buɗe, wannan na ɗan haya ne, kuma haka yake a rubuce cikin kwangilar da ba a karantawa.

A nan ne gizo ke saƙar. Ɓarawon da zai fasa ginin Microsoft sai ya shirya, amma wanda zai buɗe wayar ma'aikaci ba ya buƙatar ilimi mai zurfi. A ofisoshi da dama, na gwamnati da na ƴan kasuwa, kalmar sirri guda ce kowa ke amfani da ita, wani lokaci ma a manne take jikin na'urar. Jerin sunayen masu karɓar agaji, da lambobin wayarsu, da adadin kuɗin kowa, a kan ɗauki hotonsa a tura ta WhatsApp don aiki ya yi sauri, sai ya kwana a wayoyi ashirin, ciki har da wadda za a sayar a kasuwar Dole mako mai zuwa ba a goge ta ba. Wasiƙun aiki na bi ta akwatin Gmail na ma'aikaci, ranar da aka yi masa canjin wuri sai ya tafi da tarihin ofis a aljihu. Kwafin katin ɗan ƙasa da aka karɓa a kanti na iya ƙarewa hannun mai tsire yana naɗe nama. Mai damfarar da ya bugo waya ya kira tsohuwa da cikakken sunanta, da sunan ƙauyenta, da na shirin da ke ba ta tallafi, ya ce ta karanto masa lambar da ta shigo wayarta, ba duba ya yi ba. Jeri ya samu.

A watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a faɗin ƙasar, aka naɗa kantomomi. Irin wannan sauyi, ko na zaɓe ne ko na naɗi, yana da al'adarsa: a ƙirga kujeru da babura, a miƙa hatimi da mabuɗan ofis, a sa hannu. Ya kamata takardar miƙa aiki ta ƙara layi guda, wato wa ke da izinin shiga na'ura, da wace kalma, kuma an soke na wanda ya tashi ko ba a soke ba. Wannan ba ya cin ko dala. Haka nan ɗan kasuwar da littafin bashinsa ya koma cikin waya: hirarrakin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma kwafin da wayar ke ajiyewa a rumbun Google ba ya samun irin wannan kulle sai mai wayar ya kunna shi da kansa, damar da aka buɗe tun 2021. Wanda bai kunna ba, ya kulle shago ya rataya mabuɗi a ƙofar maƙwabci.

Rumbun gida

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a maido komai gida, kuma Damagaram na da dalilin jin wannan magana a jika. Garin ne hedkwatar mulkin mallaka har zuwa 1926, amma ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke son karanta abin da Nasara suka rubuta kan kakanninsa, kan yaƙin Tirmini na 1899 ko kan tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906, wasu takardun sai ya je Yamai, wasu Dakar, wasu kuwa Aix-en-Provence, in ya samu biza. Ajiyar tana nan lafiya, gara ba ta taɓa ta ba, sai dai mai ita ne ke neman izinin ganinta. Senegal ta buɗe rumbunta na ƙasa a Diamniadio a watan Yuni 2021, shugabanta na lokacin ya umarci a kwaso bayanan gwamnati daga waje. A Nijar ma, shirin shimfiɗa igiyar sadarwa ta ƙetare hamada, da Bankin Raya Afirka ya ba kuɗinsa, ya ƙunshi fiye da kilomita 1000 na igiya, har da reshen Damagaram zuwa Magarya zuwa iyakar Najeriya, ya kuma ƙunshi gina rumbun bayanai na ƙasa a Yamai, mai daraja ta uku a ma'aunin irin waɗannan gine-gine.

Daraja ta uku alkawari ne mai nauyi: ana nufin a iya gyara kowane sashe ba tare da an kashe na'urori ba, kuma tsayawar aiki a shekara guda kada ta kai awa biyu. Wanda ya zauna Damagaram a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar saboda takunkumin CEDEAO, har zuwa Maris 2024 da aka maido ta, ya san abin da wannan alkawari ke nufi da man inji da kuɗi. Rumbun waje ma da nasa ciwon: ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a ƙasashe da dama suka kasa kai hannu ga bayanansu na kansu. A ƙarshen Fabrairu 2021 kuma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, intanet ta salula ta yi kwana 10 a rufe a Nijar. Saboda haka ma'aikatar da ta ƙone kundinta na takarda ranar da aka kawo mata kwamfuta ta yi gaggawa, wadda kuma ta dogara da kwafi guda a wuri guda, ko Yamai ne ko Faris, ba ta koyi komai daga gobarar Strasbourg ba.

Maido da rumbu gida na raba ajiya da alƙalin waje, amma yana kusantar da ita ga mai iko na gida, kuma akwatin Barth a gida aka wawashe shi. Jerin da ke nuna wa ke bin wane shiri, wa ya kira wa, wa ya aika wa wa kuɗi, makami ne a hannun duk wanda ya riƙe shi. A 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba da damar sauraren wasu hanyoyin sadarwa saboda tsaro, ƴan adawa na lokacin suka ƙaurace wa zaman. Ƙasar da ke fama da ƴan bindiga na da buƙatar irin wannan bincike, ba mai musu. Abin da ke raba bincike da leƙen asiri shi ne a samu wanda zai iya ce wa mai binciken ya nuna izininsa, kuma a rubuta wa ya buɗe, yaushe, don me.

Saura batun yarda, wadda dokar ta ɗora nauyi mai yawa a kanta. Ana so mutum ya san abin da za a yi da bayaninsa kafin ya ba da shi. Takardun da ake miƙa wa mutanen karkara su dangwala yatsa galibi da Faransanci suke, layi dogo ne, rana na duka, kuma buhun hatsin na can gefe ana kallo. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, don haka ba sauran hujjar da za ta hana a karanta wa mace a Gafati, da harshen da take ji, wa zai riƙe sunanta, a wace ƙasa, har zuwa yaushe, da inda za ta je in ta ga an yi ba daidai ba. A yanzu wurin zuwan Yamai ne, inda mazaunin hukumar yake, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram, ban da kuɗin mota daga Gafati zuwa tasha.